Muryar da Ba Ta Bin Tura

A shekarar da na gama hidimar ƙasa na dawo gida Kura ba ni da aiki, sai wata tsohuwar kwamfuta mai kumburarren batir, da wani aikin sa-kai da na shiga tun ina jami'a. Wata manhajar waya ce da mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna ginawa don masu noman rani. Ba ta kamfani ba ce. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya miƙa gyaransa a duba. Ni ɓangaren Hausa aka bar mini, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin abokan aikin nan ido da ido ba.

Aikin manhajar ɗaya ne. Da rani ruwan kanal ba ya isar kowa a lokaci guda, shi ya sa ƙungiyar masu ban-ruwa take raba shi layi-layi, kuma rabon yana sauyawa gwargwadon abin da aka sako daga dam. Sakataren ƙungiya yakan aika saƙon tes, wanda ba ya cin data. Manhajar ta karanta, in ya shafi layinka sai wayarka ta ɗaga murya ta ce gobe da hantsi ruwanku ne. Muryar tawa ce. A ɗakin mahaifiyata na naɗe ta, na toshe taga da bargo saboda ƙarar injin casar shinkafar maƙwabtanmu.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne shugaban layin ƙarshe, can ta wajen Bunkure inda ruwa yake isowa a gajiye. Yana karanta ajami sarai, boko kuwa sai lambobi. Kafin manhajar, wani mai babur ne yake zagayawa yana shelar rabo, wani lokaci ya makara, wani lokaci ya tsallake ƙauye. Kawu ne ya miƙe a gaban ƙungiya ya ce a gwada abin nan, ɗan ƙanwarsa yana ciki, shi ya tsaya masa. Aka sallami mai babur. Rani guda ya wuce lafiya, har wasu layukan suka ɗauka. Ina jin a lokacin na fi Kawu tsoro, don shi ya yarda da ni ne, ni kuwa na san yawan abubuwan da ban sani ba.

Sai in faɗi yadda manhaja take shiga waya a wurinmu, don a nan maganar take. Mafi yawan manoman layin Kawu ba su taɓa saka data ba. Tura ake yi. Ka kai wayarka rumfar caji a kasuwa, a zuba maka karatu da wa'azi da waƙa da duk manhajar da ake yayi, kai kuma in ka koma gona ka tura wa na kusa da kai, waya da waya, ba intanet. Mai rumfar da ta fi ciniki a layin masu waya taubashina ne, ɗan Kawu na fari. Tun muna yara ba ya kirana da komai sai Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Wata safiya, bayan an gama dashen tumatir, Kawu ya zo gidanmu a kan babur. Bai shiga wurin mahaifiyata ba kamar yadda ya saba. Ya zauna a zaure, muka gaisa a taƙaice, ya zaro wayarsa daga aljihun gaba ya ajiye a kan tabarma tsakanina da shi.

"Ta daina magana," ya ce.

Na ɗauka na duba. Saƙon sakatare yana nan, ya shigo tun shekaranjiya, manhajar ta nuna shi a rubuce da boko, tsaf. Rabon layinsu jiya ne.

"Kawu, ruwan ya wuce ke nan?"

"Ya wuce. Mu ba mu fito ba, 'yan layin sama suka ga ba kowa, suka zuba tiyonsu suka shanye. Ba na ganin laifinsu, ni ma da haka zan yi. Dashen mutane ya kwanta a fangali. Nawa da sauƙi, ina da rijiya a gefe. Akwai waɗanda ba su da ita."

Na ce wataƙila ƙarar wayar ce aka rage. Ya ce ba ita ba ce, kiran salla yana fita. Na ce wataƙila wayarsa ce kawai. Ya ce mutum nawa zan ce wa haka, ga su can a ƙofar gidansa tun asuba. Sannan ya gaya mini an sa zama ranar Juma'a bayan masallaci, kuma wasu sun fara cewa shugaban da ya sallami mai shela ya kawo musu bebiyar waya bai kamata ya ci gaba da riƙe layi ba. Shugabancin nan ba albashi a cikinsa. Amma mahaifinsa ya riƙe shi, kuma shi ne yake sa in Kawu ya yi magana a bakin ƙofar ruwa a saurara.

Da na shiga cikin manhajar na ga lambar fitowarta ba wadda na sani ba ce. Sabuwa ce. Na hau adaidaita sahu na nufi kasuwa.

Na tarar da taubashina a tsakiyar wayoyi, kowace da igiyarta, yana cin rake.

"A'a, Injiniya da kansa! Yau an fito daga ɗaki? Ku ba shi kujera, kada rana ta taɓa digiri."

"Kai ka saka wa Kawu sabuwa?"

"Ni na saka. To tsohuwa zan bar wa ubana ga sabuwa ta fito? Kowa ya kawo caji sai na sabunta masa, kyauta ma. Ai taimakonka nake, ɗan mace."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar kasuwar da ta wuce. Me ya faru? Fuskarka kamar wanda aka aiko da sanarwar rasuwa. Da ma muryarka a wayar haka take."

Na gaya masa. Ya ajiye raken. Ya ɗauko wayarsa ya gwada, tasa ta yi magana. Ya tura wa wata wayar da take caji, ya gwada, shiru. Muka sake da wata, shiru.

A nan bakin rumfar, da datar taubashina, na buɗe shafin da muke tattaunawa na karanta abin da aka yi. Ba a ɓoye aka yi shi ba, a ɓangaren da ba na leƙawa ne. Manhajar ta yi nauyi saboda muryoyin harsuna da yawa da aka cusa mata, har manoman wata ƙasa masu ƙananan wayoyi suka kasa sauke ta. Sai masu kula da aikin suka raba ta fakiti-fakiti, kowane da nau'insa. Akwai uwa, wato ainihin manhajar. Akwai ƙari, irin su muryoyi da taswira. Akwai kayan aiki, waɗanda masu gini kaɗai suke buƙata. Suka kuma kafa ƙa'idar dogaro: ƙari yana dogara da uwa, uwa ba ta dogara da ƙari. Wato dole uwa ta iya tashi ita kaɗai, in mai waya yana son murya sai ta sauko masa da ita daga intanet ta adana a cikinta. Muryar Hausa ta zama ƙari. Taubashina yana da data, ya danna abin da ta nuna masa, tasa ta sauko da murya bai ma lura ba. Amma manhajar tura uwar kawai take gani, ita take ɗauka ta kai. Muryar ba ta bin ta.

Ba zan ce ƙa'idar ba ta da kyau ba. Da ni aka tambaya a jarrabawa, da ita zan rubuta. In uwa ta dogara da ƙari, ƙari kuma ya dogara da uwa, an yi zobe, ba wanda za a iya sabuntawa ba tare da ɗayan ba, kuma a nan ne irin wannan aiki yake ruɓewa.

"To a mayar musu da tsohuwar mana," taubashina ya ce.

Na ce waya ba ta yarda a ɗora tsohuwa a kan sabuwa sai an goge, in an goge kuma lambar layin mutum ta tafi, sai sakatare ya sake shigar masa. Ko an yi haka, gobe wani ya tura masa sabuwar a gona, a koma gidan jiya.

Muka gwada abin da ya fi sauƙi. Duk wanda ya zo rumfa, taubashina ya raba masa data daga wayarsa har murya ta sauka. Sabis ɗin kasuwa yana zuwa yana ɗaukewa, mutum ɗaya sai ya cinye mana lokacin da za a yi wa biyar caji. Kuma duk wanda muka gyara wa, in ya tura wa ɗan'uwansa, bebiya yake tura masa. Ban san iyakar inda ta kai ba. Wani mai sayen albasa ya ce ya gan ta a Kadawa.

Da la'asar na koma gida na zauna rubuta wa masu kula da aikin. A shafin akwai wani jan tambari da ake liƙa wa matsala in tana da girman da za a ajiye komai a fuskance ta. Kowane ɗan aiki yana da ikon liƙa shi, amma ban taɓa ganin ƙaramin ɗan sa-kai irina ya yi ba. Rubutuna na farko ya fara da neman afuwa, ya ce wataƙila ni ne ban fahimta ba, mai yiwuwa a wasu wurare ana iya samun 'yar matsala. Na karanta na ga ko ni aka aiko wa ba zan tashi daga zaune ba. Na goge. Na biyu ma bai fi shi ba. A na uku na rubuta cewa sabuwar fitowa ba ta magana a wayoyin manoman yankinmu, sun rasa rabon ruwa guda, kuma za su rasa na gaba. Na liƙa jan tambarin. Na rufe kwamfutar na fita alwala don kada in cire shi.

Wadda ta amsa ita ce babbar mai kula da fakitoci, wata mata da take zaune a wata ƙasa mai sanyi, wadda abin da na sani game da ita bai wuce cewa ba ta son doguwar magana ba. Da Turanci muke yi. Ta ce ta ji, amma uwa tana nuna sanarwa a buɗewar farko cewa a sauke murya, me ya hana su dannawa? Na ce sanarwar a rubuce take, kuma ko sun danna ba data. Ta ce to ta yaya manhajar ta shiga wayar da ba data? A nan na gane ba ta taɓa jin labarin tura ba. Na ɗauki hoton rumfar taubashina, da izininsa, bayan ya gyara hularsa, na aika mata, na bayyana mata yadda abu yake tafiya daga hannu zuwa hannu. Ta tambaye ni wayoyi nawa. Na ce ban sani ba, kuma ba na son in faɗi lambar da ba zan iya tsaya mata ba.

Na fara tunanin na ɓata abin. Sai ta rubuto cewa ba za ta karya ƙa'ida ta sa uwa ta dogara da muryar Hausa ba, don in ta yi wa Hausa sai ta yi wa kowa, a koma nauyin da aka gudu. Amma za a iya ƙirƙiro nau'i na huɗu: fakitin da ba shi da komai nasa, sai dai ya ɗaure uwa da murya ɗaya wuri guda tun a wurin gini, ya fito a matsayin abu ɗaya, da hatimin aikin, yadda zai hau kan wadda take waya ba sai an goge ba. Shi ne yake dogara da su biyun, su ba sa dogara da shi, ba zobe. Ta ce in ba shi suna a takardun Hausa. Na ce dami.

Akwai sharaɗi. Duk abin da ya taɓa ƙa'idar fakitoci sai mutum biyu cikin masu riƙe da hatimi sun duba sun amince, kuma in aka sauya ko harafi ɗaya bayan amincewa, amincewar ta faɗi, sai an sake. Ita ce ta farko, na biyun wani mutum ne a can gabas mai nisa, wanda yake aikinsa na albashi da rana, yake duba namu in ya sami sarari.

Ita ta rubuta rabin aikin, ni na rubuta rabi. Ranar Laraba mutumin gabas ya duba ya amince, ya ƙara da cewa zai yi tafiya da iyalinsa daga Alhamis, ba zai taɓa kwamfuta ba sai ya dawo. Ya rage ita ta amince ta buga hatimi. Ta ce in yi gwajin ƙarshe a wayoyi na gaske, in ba matsala ta saki kafin yammacin Alhamis.

Na kwashi damin gwaji na tafi rumfa. Muka goge manhajar daga wasu wayoyin gwaji, muka tura daga waya zuwa waya zuwa waya, ko ina ya sauka sai muryata ta fito. Taubashina ya buga cinyarsa.

"Shege Injiniya! Ashe kuɗin makarantar nan bai tafi a banza ba. Ce mata ta saki, yau ba na rufe rumfa sai layin Baba ya gama."

Ban san abin da ya sa na yi gwaji na gaba ba, ba ya cikin waɗanda aka ce in yi. Ina jin halina ne kawai, ba na iya rufe ƙofa ban koma na taɓa kwaɗon ba. Na gina uwa zalla a kwamfutata, na ba ta lambar da ta ɗara ta damin, kamar dai fitowar da za a yi nan gaba, na tura ta kan wayar gwajin da take magana. Ta hau lafiya. Wayar ta yi shiru.

Abin a fili yake da na tsaya na duba. A cikin dami muryar take zaune, ba a ma'ajiyar waya ba. Ranar da aka fitar da sabuwar uwa, wani mai data ya sauke ta, ya tura wa maƙwabcinsa, za ta ture damin da muryar gaba ɗaya. Ba wannan makon ba, wataƙila ba wannan ranin ba. Amma zai faru, kuma ba wanda zai sani sai ruwa ya sake wucewa. Gyaran ba shi da wuya: a buɗewar farko dami ya kwafe murya zuwa ma'ajiyar da uwa take nema, a kuma rubuta a ƙa'ida cewa kowane dami dole ya yi haka. 'Yan layuka ne. Sai dai in na taɓa su, amincewar mutumin gabas ta faɗi, shi kuma ya riga ya kama hanya.

Na yi wa taubashina bayani. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba.

"Yanzu dai wannan da ke hannunka yana magana?"

"Yana yi."

"Matar nan ta san da wancan?"

"Ba ta sani ba."

"To ka yi shiru mana. A saki wannan, a wuce Juma'a, daga baya ka ce ka gano wani abu. Wa ya mutu?"

Na ce mai yiwuwa hakan ya yi. Amma dami in ya fita ya fita, tura ba ta da linzami, mun gani da idonmu. Gyaran da zai biyo baya ba lallai ya kai duk inda na farko ya kai ba, kuma waɗanda bai kai wa ba su ne na can ƙarshe, waɗanda ba sa zuwa kasuwa. Ban da haka, ta tambaye ni ko akwai matsala, kuma akwai.

"Kana jin kunyar wadda ba ka taɓa gani ba, ba ka jin kunyar wanda ya yanka maka ragon suna." Bai yi dariya ba wannan karon. "Je ka, Malam. Ni dai ubana ne."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ran nan.

Na zauna a kan bencin mai shayi na kusa, kwamfuta a cinya. Na lissafa yadda zan yi shiru ba tare da na yi ƙarya ba, na ga kowace hanya sai ta bi ta kan kalmar "ba matsala". Daga ƙarshe na rubuta mata abin da na gani, na haɗa da gyaran. Na kuma roƙe ta, karo na farko, ko za ta iya saki da amincewarta ita kaɗai saboda halin da ake ciki. Ta gode mini da gwajin. Ta ce gyaran daidai ne, ta amince da shi nan take, amma ba za ta buga hatimi da hannu ɗaya ba, don ranar da ta yi wa mai gaskiya, ta buɗe ƙofa ga wanda ba mai gaskiya ba. Ta ce ta aika wa mutumin gabas saƙo ta wata hanyar. Ban ji haushinta ba, ko dai na ji kaɗan.

Da yamma na je gidan Kawu. Yana zaune a ƙofar gida yana gyaran tiyo da robar taya. Ɗansa ya riga ya gaya masa komai, ta yadda ya fahimta.

"An ce ka sami maganin, ka ƙi bayarwa."

"Kawu, ba ƙi na yi ba. Akwai sauran abu ɗaya, in aka bar shi zai iya dawo da ciwon."

"Gobe za ta yi magana?"

"Ban tabbata ba."

"Jibi?"

"Ina sa rai. Amma ba a hannuna yake ba."

Ya ci gaba da naɗa robar. "Gobe in sun tambaye ka, ka ce musu Asabar. Mutane ba sa son 'ina sa rai'. In ka ce Asabar za su jira."

Na ce ina tsoron in faɗi rana ta zo ta wuce, a ce Kawu ya yi ƙarya sau biyu. Ya ɗaure bakin robar. Ya ce in shiga in gaida mutanen gida kafin in tafi.

Aka yi zaman a ƙarƙashin darbejiyar da take gefen masallacin Juma'a. Tun safe ina ta leƙa shafin, ba labarin mutumin gabas. Waɗanda dashensu ya ƙone suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi zagi, abin da ya fi zagi nauyi. Sannan Kawu ya ce ga yaron nan, a ji daga bakinsa. Na miƙe na yi bayanin uwa da ƙari da dami iya yadda zan iya. Wani dattijo mai gonar albasa, wanda ake cewa shi wasu suke so ya karɓi layin, ya bar ni na gama, sannan ya miƙo wayarsa.

"Ɗana, ni ban san dami ba sai na dawa. Taka tana magana?"

"Tana yi, Baba."

"To turo mini ita yanzu, mu ji."

Damin gwajin yana cikin wayata, kuma na san in na tura zai ƙi hawa kan tasa saboda ba shi da hatimin aikin, sai an goge. In an goge ya hau, zai yi magana a gaban kowa, kuma kafin magariba ya shiga wayoyi da yawa. Na ce wanda zan iya tura masa yau shi ne wanda ba ya magana, mai maganar bai gama fitowa ba.

"Yaushe zai gama?"

Na ji idon Kawu a kaina. Na ce ina sa ran cikin kwanakin nan, amma ba zan iya yanke rana ba, don akwai wanda ake jira ya sa hannu.

"A ina yake?"

"A wata ƙasa, Baba. Ya yi tafiya."

Wani daga baya ya ce, "Wato ruwan tumatir ɗinmu sai wani ya dawo daga yawo." Aka yi 'yar dariya, ba mai daɗi ba.

Ba a kai ga ɗaga hannu ba. Kawu ya gyara zama ya ce shi ya kawo abin nan, shi ya ce a sallami mai shela, kuma mutane sun yi asara a kan maganarsa. Ya ce a dawo da mai babur daga yau, a bar wayar ta zama ta biyu in ta warke. Layin kuma ya sauke, a ba wanda jama'a suka natsu da shi. Wasu suka ce a'a, ba a kai nan ba, amma ba su faɗa da ƙarfi ba. Liman ya yi addu'a, aka ba dattijon mai albasa.

Mutumin gabas ya amince ranar Lahadi, daga wayarsa, ya rubuta kalma biyu. Aka buga hatimi, aka cire jan tambarin. Ƙa'idar tana nan a takardun aikin har yau, nau'i huɗu, kuma na ga wasu harsunan sun yi nasu damin. Na kai wa taubashina a kasuwa. Ya karɓa, ya fara zuba wa wayoyin da suke gabansa, ya ce wa wani mai jiran caji ya gaya wa 'yan ƙauyensu kowa ya kawo tasa.

Daga nan na wuce gonar Kawu don in saka masa da hannuna. Na same shi yana cike gurbin dashen da ya mutu a fangalin wani maƙwabcinsa da ragowar irinsa. Na tsaya a kan kunya ina jiran ya ɗago. Ya miƙo mini wayar ba tare da ya bar abin da yake yi ba. Da na gama na ce masa ban sani ba ko abin da na yi daidai ne, har yanzu ina juya shi.

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Cire takalmin nan ka shigo, irin yana shan rana."

Na cire na shiga.